Giɓin Kasafi da Darajar Sidi: Yadda Bashin Gwamnati Ke Isa Teburin Ɗan Canji

A farkon shekarar 2022 a Ghana ana sayar da dalar Amurka ɗaya a kan sidi 6 da 'yan kai. Kafin ƙarshen watan Nuwamba na shekarar, duk wanda ya je wurin 'yan canji a unguwar Tudu da ke Accra sai ya ƙirga kusan sidi 15 kafin a miƙo masa dala guda. Bayan shekara biyu da rabi, tsakanin Afrilu da Yunin 2025, sai al'amarin ya juya, dala ta gangaro daga sama da sidi 15 zuwa sidi 10 da ɗoriya cikin 'yan makonni. A majalisun Nima da Mamobi da Sabon Zango kowa da nasa bayanin. Wani ya ɗora laifin a kan 'yan canji, wani a kan yaƙin Rasha da Ukraine, wani kuma ya ce ai sauyin gwamnati ne ya gyara komai. Kowanne yana da ɗan rabonsa na gaskiya, amma akwai abin da ba a cika kawowa a irin wannan muhawara ba, wato kasafin kuɗin da Ministan Kuɗi ke karantawa a majalisar dokoki, da hanyar da gwamnati ke bi wajen cike abin da kuɗin shigarta bai kai ba. A ƙasashe masu tasowa da yawa waɗanda kuɗinsu ya taɓa durƙushewa, daga nan ciwon yake somawa, shekaru kafin ya bayyana a kasuwa.

Ma'anar kalmomin da ake ta ji

Manufar kasafi ita ce shawarar da gwamnati ke yankewa a kan nawa za ta tara ta hanyar haraji da sauran kuɗin shiga, nawa za ta kashe, kuma ina za ta samo ciko idan abin da za ta kashe ya zarce abin da ta tara. Wannan aikin Ma'aikatar Kuɗi ne tare da amincewar majalisa. Manufar kuɗi kuwa aikin babban banki ne, wato Bankin Ghana, wanda ke kula da yawan sidin da ke yawo a hannun jama'a, yana kuma ƙayyade kuɗin ruwan da sauran bankuna ke bi. A doka hukumomi biyu ne daban-daban, amma idan ta farkon ta shiga matsi, ta biyun ce take fara jin nauyin.

Giɓin kasafi shi ne tazarar da ke tsakanin abin da aka kashe da abin da aka samu, kuma ana auna shi da jimillar abin da ƙasa ke samarwa a shekara, ma'aunin da ake kira GDP. Masana kan ware kuɗin ruwan tsofaffin basussuka su dubi abin da ya rage, domin a gane ko gwamnati tana iya riƙe kanta a yau ko kuwa har ayyukanta na yau da kullum da rance take yin su. Asusun ajiyar kuɗin waje kuma shi ne dalolin da sauran kuɗaɗen ƙetare da zinariyar da babban banki ke riƙe da su domin biyan bashin waje da kuma sayar wa kasuwa idan dala ta yi ƙaranci.

Ba kowace raguwar daraja ce ake kira rikicin kuɗi ba. Kuɗin ƙasar da farashin kayanta ke tashi fiye da na abokan cinikinta dole ne ya riƙa sauka a hankali. Rikici shi ne faɗuwa mai tsanani cikin ɗan lokaci, wadda masana da dama ke ƙiyastawa da kashi 25 cikin ɗari ko fiye a shekara guda, tare da zurarewar asusun ajiya da gudun masu jari.

Hanyoyin da giɓi ke bi

Hanya mafi sauƙin ganewa ita ce ta sayayya. Idan gwamnati ta zuba kuɗi a albashi da kwangiloli fiye da abin da ta karɓa a haraji, kuɗin hannun mutane yakan ƙaru, kuma a ƙasar da ke shigo da shinkafa da daskararrun kaji da tataccen man fetur da magunguna da kayan gyaran mota, kaso mai yawa na wannan kuɗi yana ƙarewa ne a neman dala. Wannan hanya tana aiki a hankali, kuma ita kaɗai ba kasafai take kayar da kuɗin ƙasa ba.

Wadda ta fi haɗari ita ce ta rance da kuɗin waje, domin a farkonta alheri ake gani. Gwamnati ta sayar da takardun lamuni a kasuwannin Turai da Amurka, dalolin su shiga asusun babban banki, bankin ya riƙa sayar da su ga masu shigo da kaya, sidi ya tsaya cik, kowa ya ɗauka cewa tattalin arziki ne ya yi ƙarfi. Alhali kuwa ba koko ko zinariya ne suka kawo wannan dala ba, aro ce, kuma da dala za a biya ta, uwa da ruwa. Muddin masu ba da rance suna shirye su ba da sabo a biya tsoho, komai yana tafiya. Ranar da suka ce sun daina, abu biyu ne ke faruwa a lokaci guda: dalar da ake sa ran shigowarta ba ta zo ba, wadda ake bin ƙasa kuma lokacin biyanta bai fasa zuwa ba. Daga nan sai matsalar ta fara ciyar da kanta. Bashin dala biliyan 1 yana daidai da sidi biliyan 6 idan canji yana kan 6, amma idan ya kai 13 sai ya zama sidi biliyan 13, alhali gwamnati da sidi take karɓar harajinta kuma ba ta ƙara cin bashin ko kwabo ba. Faɗuwar kuɗi ta faɗaɗa giɓi, faɗin giɓi ya ƙara tsoratar da masu jari, tsoronsu kuma ya ƙara kayar da kuɗin. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma haka yake ga ƙasashe. Amurka da Japan suna ɗauke da bashin da ya fi na Ghana nesa ba kusa ba, amma da kuɗinsu suke rance, saboda haka faɗuwar dala ko yen ba ta kumbura musu bashi. Abin tambaya ga ƙasa mai tasowa shi ne da wane kuɗi aka ci bashin, daga hannun wa, kuma yaushe za a biya.

Idan ƙofar waje ta rufe, bankunan cikin gida kuma suka fara ja da baya, gwamnati takan juya ga babban banki ya ba ta rance kai tsaye, abin da jama'a ke kira buga kuɗi. Sabon sidi ya shiga kasuwa ba tare da ƙarin kaya ko ƙarin dala ba, don haka farashin duka biyun ya tashi. Tun a 1979 masanin tattalin arziki Paul Krugman ya bayyana cewa ƙasar da ke cike giɓinta da buga kuɗi, tana kuma ƙoƙarin tsayar da canji a wuri ɗaya, asusun ajiyarta zai yi ta raguwa, kuma masu jari ba za su jira ya ƙare ba. Da zarar sun hango ƙarshensa za su ruga su kwashe abin da ya saura, sai faɗuwar ta zo farat ɗaya.

Wannan rugawa ba ta baƙi kaɗai ba ce. Mai shago a Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Accra, da ya san zai biya kayan gyara a Dubai bayan wata uku yakan sayi dalarsa tun yau, ma'aikaci mai 'yar ajiya ya mai da ita dala, mai fitar da kaya ya jinkirta dawo da kuɗinsa gida. Kowannensu ya yi abin da hankali ya ba shi, amma haɗuwar matakan nasu ita ce ke tabbatar da abin da suke tsoro.

Yadda Ghana ta iso bakin ramin

An yafe wa Ghana kaso mai yawa na bashinta na waje a ƙarƙashin HIPC, shirin rage wa ƙasashe matalauta nauyin bashi, wanda ta kammala a 2004, da ƙarin yafiyar da ta biyo baya a 2006. A watan Yulin 2007 aka cire sifili huɗu daga tsohon sidi, sabon ya fito yana ɗan fin dala daraja, kuma a wannan shekarar ƙasar ta sayar da takardun Eurobond na farko, wato takardun lamunin da ake sayarwa da dala a kasuwannin waje, na dala miliyan 750. An fara haƙo mai a rijiyar Jubilee a Disambar 2010, abin da ya ƙara wa masu ba da rance ƙwarin gwiwa.

Abin da bai canja ba shi ne ɗabi'ar shekarar zaɓe. A 2012, a zamanin jam'iyyar NDC, giɓin kasafi ya haura kashi 11 cikin ɗari na GDP, sakamakon sabon tsarin albashi da tallafin mai da lantarki. A 2014 sidi ya yi asarar kusan kashi 30 na darajarsa, a Afrilun 2015 kuma ƙasar ta shiga shirin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, na dala miliyan 918. A wancan lokacin ne Dakta Mahamudu Bawumia, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban ƙasa, yana ɓangaren adawa, ya yi maganar da ta shahara cewa idan tushen tattalin arziki ba shi da ƙarfi, farashin canji zai tona asiri. Gwamnatin jam'iyyar NPP da ta hau a 2017 ta kafa dokar da ta hana giɓi wuce kashi 5 a 2018, amma a lokaci guda ta ɗauki nauyin gyaran bankunan da suka durƙushe, wanda ya ci sama da sidi biliyan 20, ga bashin kamfanonin lantarki masu zaman kansu da ake biya da dala, ga shirin karatun sakandare kyauta, ga kuma rage wasu haraji. A 2020, shekarar korona kuma shekarar zaɓe, an jingine dokar, giɓin ya sake haura kashi 11 ko da ba a haɗa da kuɗin bankuna da na lantarki ba. A duk tsawon wannan lokaci harajin da ake tarawa bai wuce kimanin kashi 13 na GDP ba, abin da ya gaza na ƙasashe da yawa masu irin matsayinta. A Maris na 2021 Ghana ta sayar da Eurobond na dala biliyan 3, kuma shi ne na ƙarshe kafin kasuwar ta juya mata baya.

Shekarar 2022

A Janairu da Fabrairun 2022 kamfanonin auna ƙarfin biyan bashi, Fitch da Moody's, suka rage matsayin Ghana. A ranar 24 ga Fabrairu Rasha ta mamaye Ukraine, farashin mai da alkama da takin zamani ya yi sama, a watan Maris kuma babban bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa, abin da ya sa jari ya riƙa barin ƙasashe masu tasowa yana komawa can. Gwamnati ta ɗora fatanta a kan harajin tura kuɗi ta waya, E-Levy, wanda majalisa ta yi watanni tana jayayya a kansa, ya fara aiki a Mayu a kan kashi 1.5, ya kuma kawo abin da bai kai kusa da hasashe ba. A ranar 1 ga Yuli Shugaba Nana Akufo-Addo ya umarci Ministan Kuɗi Ken Ofori-Atta ya fara tattaunawa da IMF.

A tsakanin nan Bankin Ghana ne ya riƙa cike giɓin da biliyoyin sidi, fiye da iyakar da doka ta sa, wato kashi 5 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, yayin da asusun ajiya ya sauko daga kusan dala biliyan 9.7 a ƙarshen 2021 zuwa biliyan 6 da 'yan kai. Bankin ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 14.5 zuwa 27 cikin shekarar, amma ɗaga kuɗin ruwa da hannun dama ba ya tasiri sosai idan hannun hagu yana zuba sabon kuɗi. A Oktoba 'yan ƙungiyar 'yan kasuwa ta GUTA suka rufe shagunansu a Accra, a Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54.1. A ranar 5 ga Disamba aka ƙaddamar da shirin musayar bashin cikin gida, wato canja tsofaffin takardun lamunin gwamnati da sababbi, inda ministan ya bayyana cewa biyan bashi yana cinye fiye da rabin dukkan kuɗin shigar gwamnati. A ranar 19 ga watan aka dakatar da biyan mafi yawan bashin waje. IMF ta amince da rancen dala biliyan 3 a ranar 17 ga Mayun 2023, karo na 17 ke nan da Ghana ta nemi tallafinta, Bankin Ghana kuma ya bayyana asarar sidi biliyan 60.8 a 2022, mafi yawanta daga rangwamen da ya yi a kan bashin da yake bin gwamnati.

Darasi daga wasu ƙasashe

Labarin Sri Lanka ya yi kama da na Ghana ƙwarai. A ƙarshen 2019 gwamnatin Gotabaya Rajapaksa ta rage harajin VAT daga kashi 15 zuwa 8, korona ta kashe yawon buɗe ido, babban banki ya buga kuɗi yana kuma kare canji har asusun ajiya ya ƙare. A Afrilun 2022 ƙasar ta daina biyan bashin waje, dala ta tashi daga rupee 200 zuwa kusan 360, a Yuli kuma shugaban ya tsere daga ƙasar. A Najeriya rancen da gwamnatin tarayya ta karɓa daga babban banki ya kai naira tiriliyan 22.7, ga tallafin mai yana cinye kuɗin shiga, kuma da aka saki naira a Yunin 2023 sai dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024.

Sai dai ba daidai ba ne a ce kowane rikicin kuɗi daga kasafi yake fitowa. Kafin kuɗin Thailand ya faɗi a ranar 2 ga Yulin 1997, gwamnatin ƙasar ta yi shekaru tana samun rara a kasafinta. Bankuna da kamfanoni masu zaman kansu ne suka ciyo bashin dala na gajeren zango suka zuba a gine-gine, da suka kasa biya kuma nauyin ya dawo kan gwamnati. A can rikicin ne ya haifi giɓi. A Turkiyya kuma giɓin bai yi muni ba, amma an matsa wa babban banki ya riƙa rage kuɗin ruwa daga kashi 19 a 2021 zuwa 8.5 a farkon 2023, alhali hauhawar farashi ta haura kashi 80, sai lira ta zube. Waɗannan misalai suna nuna cewa kasafi mai tsafta bai isa kariya shi kaɗai ba, kuma bashin da bankuna ko kamfanonin gwamnati suka ci yakan koma bashin jama'a a ranar wahala ko da bai taɓa bayyana a takardar kasafi ba.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Gwamnatin da ke kan mulki a 2022 ta tsaya a kan cewa korona da yaƙin Ukraine ne suka jawo matsalar, ta kuma zargi kamfanonin auna bashi da tsananta wa ƙasashen Afirka. Wannan hujja tana da ƙarfi ta fuskar lokaci, domin kafin 2020 tattalin arzikin yana bunƙasa da sama da kashi 6, kuma gaskiya ne cewa ƙasashen Afirka suna biyan kuɗin ruwa mai tsada. 'Yan adawa da masana da dama sun amsa cewa guguwar ta kaɗa kowa, amma ba kowa ta kayar ba. Cote d'Ivoire da Togo da Benin sun wuce 2022 da hauhawar farashi ƙasa da kashi 10. Kwatancen bai cika daidai ba, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957 tare da lamunin baitulmalin Faransa, kuma babban bankinsu na haɗin gwiwa ba ya buga wa kowace gwamnati kuɗi yadda ta so. Amma wannan bambancin da kansa yana goyon bayan masu cewa hanyar cike giɓi ce ta raba Ghana da maƙwabtanta.

Akwai kuma masu ganin cewa 'yan canjin bayan fage ne ke tayar da farashin dala, kuma a Satumbar 2022 'yan sanda da jami'an Bankin Ghana sun kama gommai daga cikinsu a tsakiyar Accra. Doka ta hana canji ba tare da lasisi ba, kuma jita-jita tana iya ƙara wa wuta iska na 'yan kwanaki. Amma dala ta ci gaba da tashi bayan kamen, domin cinikin da ake yi a bakin titi ƙarami ne idan aka kwatanta da abin da masu shigo da mai da kamfanonin lantarki da gwamnati kanta ke nema. Ɗan canji yana sanar da farashin ƙarancin da ya tarar ne.

Sabanin da ya fi zurfi yana kan magani. IMF da masu ra'ayinta suna cewa ba za a dawo da amincewa ba sai gwamnati ta tara fiye da abin da take kashewa kafin biyan kuɗin ruwa, an kuma hana babban banki ba ta rance. Ƙungiyoyin ƙwadago da na farar hula suna cewa tsuke bakin aljihu a lokacin tsanani yana rage ayyukan yi, yana dakatar da hanyoyi da asibitoci, kuma harajin da aka fi saurin ƙarawa, irin VAT da aka ɗaga da maki 2.5 a 2023, talaka ne ya fi jin sa, alhali ana yafe wa manyan kamfanoni haraji, masu manyan gidaje kuma ba sa biyan abin a zo a gani. Masu kare shirin kan nuna cewa an ninka tallafin LEAP ga marasa galihu. Idan aka duba da kyau, ɓangarorin biyu ba su musanta cewa dole a rufe giɓin ba. Jayayyarsu tana kan saurin rufewar da kuma wanda zai ɗauki nauyinta.

Wanda ya biya

A ɗauki fataken albasa na kasuwar Adjen Kotoku. Ɗan kasuwa yana sayen kaya da sefa a Galmi da ke Nijar, ya biya kuɗin mota da na kan iyakoki da sefa, ya sauke a Accra ya raba wa mata masu sari bashi, su biya shi da sidi bayan mako biyu ko uku. A watanni irin Oktoban 2022, kafin ya gama tattara kuɗinsa sidin ya riga ya rage daraja, har abin da ya karɓa ba zai sake cika motar da ya sauke ba. A littafinsa ya ci riba, amma uwar kuɗi ta ragu. Abin da zai yi a zuwa na gaba a bayyane yake: zai sa farashi bisa canjin da yake tsoron gani nan gaba, zai kuma daina ba da bashi. Mai sari ta rage abin da take ɗauka, mai sayar da wake da shinkafa a bakin titi ta rage awo. Haka abin yake ga masu kawo shanu daga Burkina Faso da Mali zuwa kasuwar dabbobi ta Tulaku, shi ya sa tsadar ragon layya take bin canjin sefa.

Mai albashi ya fi kowa rasa mafita. Mafi ƙarancin albashin yini a 2022 sidi 13.53 ne, wanda ya haura dala 2 a Janairu, amma bai cika dala 1 ba a farashin 'yan canji na Nuwamba, lokacin da litar man dizal ta wuce sidi 23, kuɗin motar haya ta trotro kuma ya yi ta ƙaruwa. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa hauhawar farashi ta jefa kusan mutum 850,000 cikin talauci a wannan shekarar. Kujerar Hajji da aka biya sidi 39,000 a 2022 ta koma 75,000 a 2023, kuma ko da yake farashin ya ƙaru da dala ma, kaso mafi girma na ƙarin daga canji ya fito.

Masu ajiya sun biya ta wata fuskar. A musayar bashin cikin gida an tsawaita wa'adin takardun lamuni an kuma rage ribarsu, har tsofaffin ma'aikata da suka zuba kuɗin sallamarsu a ciki suka yi kwanaki suna zaman dirshan a harabar Ma'aikatar Kuɗi, inda tsohuwar Alƙalin Alƙalai Sophia Akuffo ta shiga cikinsu a Fabrairun 2023. Bankuna sun tafka asara, kuma da yake gwamnati tana biyan kusan kashi 35 a kan takardun baitulmali na gajeren zango, ba su da dalilin ba ƙaramin ɗan kasuwa rance. Masu Eurobond na kusan dala biliyan 13 sun amince da rangwamen kashi 37 a yarjejeniyar da aka kammala a Oktoban 2024.

Farfaɗowar 2025 da abin da ke tafe

Ƙarfin da sidi ya yi a 2025 yana da dalilai da suka taru a lokaci guda. Farashin zinariya ya haura dala 3,000 a kan kowace oza, sabuwar hukumar GoldBod ta tattara cinikin zinariyar ƙananan masu haƙa ta yadda dalolin ke shiga hannun hukuma, dala kanta ta yi rauni a kasuwannin duniya, Bankin Ghana kuma ya sayar wa kasuwa dala mai yawa. Ta ɓangaren kasafi, sake fasalin bashi ya rage abin da ake biya a waje, gwamnatin John Dramani Mahama tare da Ministan Kuɗi Cassiel Ato Forson ta tsuke kashe kuɗi, aka kuma yi wa doka gyara ta wajabta rarar kashi 1.5 na GDP kafin biyan kuɗin ruwa a kowace shekara, da saukar da bashi zuwa kashi 45 nan da 2034. Hauhawar farashi ta sauko ƙasa da kashi 10 a Satumba, an kuma sa kujerar Hajjin 2025 a kan sidi 62,000. Ba kowa ne ya amfana ba: iyalan da 'yan uwansu ke aiko musu da kuɗi daga Amurka ko Jamus sun ga abin da suke karɓa ya ragu, masu fitar da kaya sun koka, kuma farashin kasuwa bai sauko da saurin da dala ta sauko ba.

Daga cikin waɗannan dalilai, farashin zinariya da raunin dala ba a hannun Ghana suke ba, sauƙin biyan bashi kuma jinkiri ne da aka samu. Abin da ke hannun gwamnati shi ne kasafi, kuma a nan tarihi bai ba da tabbaci ba: dokar 2018 ba ta kai shekara biyu ba aka jingine ta, a 2024 ma, shekarar zaɓe kuma ana cikin shirin IMF, an tara basussukan 'yan kwangila da sabon ministan ya ce sun haura sidi biliyan 67. Mai son gane inda sidi ya dosa zai fi amfana da lura da ko Bankin Ghana ya koma ba gwamnati rance, ko bashin lantarki da na hukumar koko yana ƙaruwa, da kuma ko za a koma kasuwar Eurobond domin biyan albashi da kuɗin ruwa maimakon ayyukan da za su kawo dala. An tsara shirin IMF zai ƙare a 2026, manyan biyan takardun lamunin da aka musanya sun taru a 2027 da 2028, zaɓe na gaba kuma a Disambar 2028 za a yi shi.